Ya Sayar da Miksa, Ya Sayi Miksa

Injin kwaɓa fulawar da Fiifi ya saya wa Araba a ranar farko ya ƙone. Ya ƙone da kwaɓin burodin mutane a cikinsa, a gaban uwar yarinyar, kuma saura ƙiris ya haɗa da auren ya ƙone gaba ɗaya.

Ga yadda abin ya faro.

Fiifi mai sa kiɗa ne. Duk Asabar ɗin duniya, in aka kafa rumfuna ja da baƙi a garin Mankesim don jana'iza, za ka same shi bayan lasifikoki, yatsunsa a kan faffaɗan akwatin nan mai maɓallai da suke kira miksa. Shi ke sa tsofaffi kuka da hantsi, shi ke tayar da su rawa da yamma. Yaron yana da kunne, wannan ko maƙiyinsa ya sani.

A irin wannan Asabar ce Araba ta shigo da tiren burodi a kai. Ta yi ta kiran ciniki, ba mai jin ta, ƙara ta danne komai. Ba ta yi wata-wata ba ta nufi inda yake.

"Kai, Mai Ƙara! Gawar ma ta ji, ka rage mana."

Ya ɗago kai. Yarinya ce doguwa, baƙa, da garin fulawa a gira ɗaya ba ta sani ba. Ya ja maɓalli ƙasa, wurin ya yi tsit, ya ɗauki makirufo.

"Jama'a, ga burodin sukari mai zafi a kan wata mafaɗaciya. Don Allah ku saye kafin ta cinye ni ɗanye."

Aka kwashe da dariya, aka kwashe burodin. Guda ɗaya ya rage, wanda ya lotse a gefen tire. Shi ta dangwarar masa a kan akwatin kiɗan.

"Ga ladanka. Ya yi kama da kai."

Bai bar ta ta tafi ba sai da lambar wayarta. Da yamma saƙo ya shigo mata:

"Na cinye lotsattsen. In masu kyau sun fi shi daɗi, to na shiga uku. Fiifi, wanda kika zaga."

Ta amsa: "Ban zage ka ba. Gaskiya na faɗa. Ka ci da shayi, kada ka shaƙe."

Daga nan sai abin ya zama kullum. Yana kiran ta Sukarina, tana kiran sa Mai Ƙara. In ta shigo wurin taro da tire, kiɗa ya kan sauka da kansa kamar yana gaishe ta. Wata rana ta yanko jan zare daga bakin ɗankwalinta ta ɗaura a maɓallin da ke rage sauti.

"Don ka riƙa tunawa akwai masu kunne a duniya," in ji ta.

Uwar Araba, Maame Ewusiwa, ita ce mai tanderun. Mijinta ya rasu tun yarinyar tana ƙarama, da burodi ta raine ta. Kamar sauran masu gashi a gida, ba ta da injin kanta. Araba ke auna fulawa, sukari, bota, yis da gyaɗar ƙamshi a baho, ta ɗauka a kai zuwa injin unguwa, ta bi layi. A can za a kwaɓa, sannan a bi da kwaɓin tsakanin gangunan ƙarfe biyu masu juyawa, ana turawa da hannu, ana naɗewa, ana sake turawa, har ya yi santsi.

Waɗannan gangunan ne suka ci wa Maame yatsu biyu na hannun dama tun tana budurwa. Ba ta cika maganar ba. Amma duk ranar da Araba ta dawo daga inji, kafin ta dubi bahon sai ta fara duban hannun 'yarta.

Mai injin kuwa, Bentsil, yana son Araba. Mutum ne mai tumbi da abin hannu. Ban da injin, shi ke ba da hayar rumfuna da kujeru a garin. Ya faɗa wa Maame a fili cewa ranar da Araba ta shiga gidansa, ta yi sallama da layi, ma'aikatansa ne za su riƙa tura mata kwaɓi.

Ni dai ban ga laifin uwar ba da ta karkata can. Wanda ya bar yatsu a inji ba ya auna suruki da iya magana.

Da Araba ta kawo mata zancen Fiifi, ko ɗagowa ba ta yi daga shafa wa gwangwanayen burodi mai ba.

"Wannan mai cin abinci da mutuwar mutane? In ba a mutu ba fa, me za ku ci? Ƙara?"

"Maame, ana mutuwa kullum."

"Rufe mini baki. Ni abin da na sani, wanda zai ɗauke ki ya fara ɗauke hannunki daga bakin ƙarfen can. In ba haka ba, ya tsaya a rumfarsa."

Araba ta kwashe ta faɗa wa Fiifi. Shi kuwa, maimakon ya tambayi kowa, ya hau mota sai birnin Akara. Ya shiga wani babban kanti mai sanyi, ya ga wani inji ja yana sheƙi, da kwanon azurfa kamar madubi. Yarinyar kantin ta ce shi ma miksa ake ce masa, yana kaɗa ƙwai, yana haɗa kek, yana yin komai. Ya biya. Ya kai wa mai rubutun allo ya zana ARABA a jikinsa da farin fenti, har da 'yar fure.

Ya shigo gidan da kwali a kafaɗa, yana washe baki kamar gonar auduga.

Ranar kuwa Maame tana da aikin wata babbar jana'iza. Ta zagaya injin, ta ɗaga shi da hannu ɗaya, ta ajiye.

"Wannan na wasan yara ne ko na burodi?"

"Maame, daga waje aka kawo shi. Ki gwada kawai."

"Don Allah, Maame," in ji Araba.

Aka zuba. Kowa ya san kwaɓin burodin sukari ba ruwan kek ba ne, abu ne mai tauri da ke gajiyar da ƙato. Injin ya fara da waƙa, ya koma nishi, ya soma tafiya a kan tebur kamar akuya mai neman tsinke igiya. Sai wari, sai hayaƙi. Wani baƙin mai ya tsiyayo daga kansa ya gangara cikin kwaɓin.

Sauran bahon da aka riga aka jiƙa yana gefe yana kumbura. Kafin Araba ta ruga da shi wurin Bentsil ta samu layi, ya yi tsami. Ranar Maame ta tafi gidan makoki hannu rabbana, ta durƙusa tana ba da haƙuri, abin da ba ta taɓa yi ba tunda ta kunna tanderu.

Da ta dawo ta tarar da Fiifi yana tsaye inda ta bar shi. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ɗan nan, da ido ka sayi wannan abin. Da ido kuma ka zaɓi 'yata. Ranar da aiki ya yi tauri, haka za ka yi hayaƙi. Ɗauki kayanka."

Ya ɗauki injin ya rungume. A bakin ƙofa ya ce wa Araba a hankali, "Zan gyara, Sukarina. Zan dawo miki da shi."

Shiru, shiru. Sai ga saƙo a tsakiyar mako:

"Na sayar da miksa. Na tafi Takoradi. Kada ki neme ni tukuna."

Araba ta karanta ta sake karantawa. Wato injin da aka rubuta sunanta a jiki, wanda ya ce zai gyara, shi ya kai wa 'yan gwangwan ya karɓi kuɗin mota ya gudu. Ta rubuta masa:

"Ka kyauta. Da ka kankare sunana kafin ka sayar. Allah ya raka taki gona."

Ta toshe lambarsa. Ta yi kukanta a bayan tanderu inda hayaƙi zai ɗauki laifin.

Washegari a wurin inji Bentsil ya tsallake da ita gaban layi, mata suna ta tsaki.

"Na ji mutumin naki ya sayar da miksa ya bar gari," ya ce, yana sosa tumbi. "Ai na faɗa miki. Mai kiɗa ba ya kwana inda ya yi wasa."

"Yaya Bentsil, kwaɓi na kawo, ba hira ba."

Ya sani sarai wace miksa aka sayar, don shi ya saya. Amma ya ja bakinsa ya yi gum, ya ci gaba da aika wa Maame kifi da gaisuwa.

Asabar ta zagayo. Araba ta ɗauki tire ta nufi wata jana'iza a bayan kasuwa, ba don tana so ba, sai don burodi ba ya jira. Tun daga nesa ta ji kiɗan ba daidai ba, lasifika tana ƙugi kamar an taka wutsiyar kare. Ta kutsa ta leƙa bayan rumfa. Bentsil ne zaune, gumi sharkaf, yana murɗa wannan yana danna wancan.

Idonta ya sauka a kan akwatin. Ga jan zarenta nan a ɗaure a maɓalli.

Ta sauke tiren a ƙasa.

"Yaya Bentsil, wannan ta wa ce?"

"Tawa ce. Da kuɗina na saya."

"Wannan ce miksar da ya sayar?"

"To da wacce? Wa zai sayi waccan gawar?"

Bakinsa ya riga hankalinsa. Araba ta tsaya tana kallon sa har ya kau da kai. Ta miƙa hannu ta kwance zarenta, ta ɗaura a yatsa, ta ɗauki tire ta yi gida ba ta sayar da ko ɗaya ba.

Tana buɗe lambarsa saƙonni suka yi ta zubowa kamar ruwan indararo.

"Sukarina, wane suna zan kankare? Ban gane ba."

"Jan injin yana ƙarƙashin gadona. Mai gyara ya ce haƙoransa na roba ne, ba ya tashi."

"Ina ɗaukar buhu a wani gidan burodi a nan. Ba don kuɗi ba, don in ga abin da suke aiki da shi. Bayana ya kusa karyewa. Ashe haka kike sha?"

"Ban sayi komai ba. Na rantse ba zan ƙara saye da ido ba."

"Ko zagi ne ki turo, in san kina nan."

Ta zauna a kan buhun fulawa tana dariya tana share hawaye. Ta rubuta:

"Sakarai. Miksa biyu gare ka, ba ka iya cewa wacce ba? Ka dawo gida, Mai Ƙara."

Sannan ta miƙa wa uwarta wayar. Maame ba ta karatu, sai da Araba ta karanta mata duka. Ta murza dungulmin yatsunta.

"Abin cin abincinsa ya sayar?"

"Har da lasifikokin. Janareta kawai ya bari."

"Mahaukaci ne," in ji Maame. Amma a yadda ta faɗe shi, ba zagi ba ne.

Fiifi ya dawo ya rame, kafaɗa duk ta saɓule. Bai shigo da kwali ba wannan karon. Ya durƙusa a tsakar gida, hannuwa a baya.

"Maame, na yi kuskure, na kunyata ki a gaban mutane. Kuɗin kayan kiɗan da na sayar suna nan ban taɓa ba. Ni ban san kwaɓi ba, ke kika sani. Ki zo mu je ki zaɓa da hannunki."

"In na zaɓa kuma na ce ban ba ka 'yata ba?"

"Injin dai ya zauna. Hannunta ya huta."

Maame ta kalle shi sama da ƙasa.

"Tashi, kana ɓata wandonka da toka. Araba, auna mini baho guda. Ba na cinikin biri a sama."

Haka suka hau motar Takoradi su uku, baho a cinyar Fiifi, mutane suna tambaya ko biki za a yi.

Kantin farko, mai shi ya nuna musu wani fari mai maɓallai rututu da fitilu. Maame ta ce a zuba kwaɓinta a gwada. Ya ce ba a gwadawa, sai an biya. Ta ce, "To ka aure shi," ta yi gaba.

Na biyu tsohon inji ne na gidan burodin da ya rufe, ƙato, mai araha. Aka kunna, Maame ta fara gyaɗa kai. Fiifi ya matsa, ya kara kunne a jikin ƙarfen, ya rufe ido.

"Maame, akwai abin da ke kuka a ciki. Can ƙasa, kamar tsakuwa a gwangwani. Wannan ba zai kai Kirsimeti ba."

"Ni ban ji komai ba."

"Ni na ji."

Mai injin ya hau rantse-rantse, yana zufa, har ya rage kuɗi ba a tambaye shi ba. Maame ta dubi zufar, ta dubi Fiifi, ta ce su tafi.

Can layin maƙera suka sami na uku, a rumfar wani dattijo mai walda. Ba shi da kyau ko kaɗan. Toka-toka ne, gajere, mai nauyi, mutum biyu ba sa ɗaga shi sai da nishi. Ƙugiya ɗaya gare shi mai murɗe kamar ƙahon rago, kwanon yana juyawa da kansa, bel ne ke jan sa, irin wanda ake samu a kowace kasuwa. A samansa akwai murfin waya kamar keji.

Dattijon bai yi musu ba. Ya ce a zuba.

Injin ya kama aiki a hankali, ba gaggawa, ba tsalle. Kwaɓin ya haɗu, ya bar jikin kwano, ya fara sheƙi. Fiifi ya kara kunne ya daɗe, ya ɗago yana murmushi.

"Wannan muryarsa ɗaya. Ba ya ƙarya."

Maame ta kai hannu za ta taɓa kwaɓin, kamar yadda ta saba. Tana ɗaga murfin wayar, injin ya tsaya cak.

Ta ja baya. "Ya lalace?"

"A'a, Uwa," in ji dattijon. "Haka na yi shi. Muddin murfin yana sama, ba ya motsi. Na gaji da ganin mata irinki da inji ya ci wa yatsu."

Ta sauke murfin, ya tashi. Ta ɗaga, ya tsaya. Ta sake, ta kuma sakewa, kamar yarinya ta samu abin wasa. Sannan ta tsaya, ta ɗora hannunta mai yatsu uku a kan murfin. Araba ta juya baya tana gyara ɗankwalin da bai kwance ba.

Daga ƙarshe Maame ta gutsuro kwaɓin, ta ja shi tsakanin hannuwanta, ta ɗaga wa rana. Ya miƙe siriri har haske yana ratsawa, bai yage ba.

"Bai kai na ganguna santsi ba," ta ce. "Amma zan ƙara masa da muciya a tebur. In an ɗauke wuta fa?"

"Shi ya sa ban sayar da janareta ba, Maame."

Ta harare shi. "Ashe akwai ɗan abu a kan nan naka. Biya mutumin, ɗana."

Kalmar ƙarshen nan Araba ta ji ta, Fiifi ma ya ji. Ba wanda ya tanka, kada ta janye.

Ba a yi wata biyu ba kawunnan Fiifi suka zo ƙwanƙwasa ƙofa, wato neman aure, da kwalaben abin sha na al'ada. Ranar ɗaurin aure, kawun Araba ya tambaye ta a gaban dangi, kamar yadda ake yi, ko a karɓi kayan mutanen nan. Ta ce a karɓa. Ya sake tambaya, ta ce a karɓa. Kafin ya yi ta ƙarshe Maame ta ce, "Kai, karɓi mana, burodina yana wuta!"

Fasto ya sa albarka. Maame ta dafa kawunansu da hannun nan nata, ta ce Allah ya sa gidansu kada ya rasa wuta a tanderu, ya ba su 'ya'ya masu cikakkun yatsu da kunnen ubansu. Kowa ya ce amin. Burodin da aka raba a wurin, ango ne ya kwaɓa shi da jijjifi, don yanzu shi ne mai kula da injin, shi ke kai kaya kasuwa.

Saura kiɗa. A duk Mankesim kayan sauti masu kyau saiti ɗaya ne, kuma suna hannun Bentsil. Dole Fiifi ya taka da ƙafarsa ya je ya yi hayar abinsa. Bentsil bai rage masa ko sisi ba, kuma ya ce shi da kansa zai zauna a kai.

Aka kira ango da amarya fili. Lasifika ta yi ƙugi, ganga ta danne waƙa, muryar mawaƙin ta fito kamar daga cikin rijiya. Fiifi ya runtse ido. Yatsunsa suka fara motsi a iska, suna neman maɓallin da ba nasu ba. Ya yi taku ɗaya zuwa wajen rumfar.

Araba ta cafke hannun. Jan zaren yana ɗaure a yatsanta, kusa da zobe.

"Ina za ka, Mai Ƙara?"

"Sukarina, maɓalli ɗaya kawai zan taɓa. Yana kashe waƙar nan."

"Ka sayar. Yi rawa."

Ya yi rawa. Mutumin da ya fi kowa kunne a garin ya taka har rana ta faɗi, ga kiɗa mafi muni da aka taɓa sawa a Mankesim, daga akwatinsa, kuma da kuɗinsa.